Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarin Binciken Rosalyn Yalow da Tasirinsa a Awon Homon

Ya ku membobi masu girma,

Kamar yadda babban taro ya amince a bara, kwamitin ilimi ya keɓe zaman karatun bana ga ayyukan masaniya guda ɗaya. An zaɓi Rosalyn Yalow, ƙwararriya a fiziks 'yar Amurka, wadda ta yi aiki da Dakta Solomon Berson a asibitin tsofaffin sojoji na Bronx daga 1950 har rasuwarsa a 1972.

Zaman karatu

Mun fara da takardarsu ta 1956, inda suka nuna cewa jinin masu ciwon suga da aka yi wa allurar insulin yana ɗauke da antibodi, wato sinadarin da garkuwar jiki ke ƙerawa don kama baƙon abu, wanda ke kama insulin ɗin. Masana da yawa a lokacin ba su yarda ƙaramin sinadari irin wannan zai iya tayar da garkuwar jiki ba, har sai da aka cire kalmar antibodi daga taken takardar kafin a buga ta. Daga nan muka shiga takardar 1960, wadda ta kafa hanyar awon homon (sinadaran da ke kai saƙo a cikin jini, kamar insulin) da ake kira RIA. Ga yadda take: a zuba antibodi daidai gwargwado, a zuba insulin mai alamar aidin mai fitar da haske na nukiliya, sannan a ƙara jinin majiyyaci. Insulin biyun nan za su yi takara a kan gurbi ɗaya. Iya yawan na majiyyaci, iya raguwar mai alamar da antibodi zai riƙe, sai a kwatanta da kwalaben da aka san adadinsu. Da wannan suka gano cewa masu ciwon suga nau'i na biyu sau da yawa insulin ɗinsu yana da yawa, jiki ne ba ya jin sa. Yalow ta karɓi kyautar Nobel a 1977, kuma ba su taɓa yi wa hanyar rajistar mallaka ba.

Muhawara ta yi zafi a kan yadda ake auna tasirin masani. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 yana ƙirga takardu da yawan ambatonsu. Ra'ayin kwamiti shi ne wannan ƙirgen ya gaza a nan, domin hanyar da ta zama aikin yau da kullum ba a cika ambaton mai ita ba, alhali yawancin awon homon na tayirod (ƙullin da ke gaban wuya) ko homon kotisol da ake yi yau daga tushen nan ya fito.

Bitar ɗakin gwaji

Nan ne muka fi ba da ƙarfi, saboda wanda ya gane takarar nan shi zai gane inda sakamako ke yin ƙarya.

Biyotin, wani nau'in bitamin, ne ya fi ɗaukar lokaci. Babban mutum na buƙatar kusan maikirogiram 30 a rana, amma ƙwayoyin gyaran gashi da farce kan ƙunshi miligiram 5 zuwa 10. A na'urorin da ke dogaro da biyotin wajen kama antibodi, wannan rarar kan sa TSH (homon da ke zaburar da tayirod) ya fito ƙasa, T4 (homon da tayirod ke fitarwa) ya fito sama, sai a ɗauka tayirod ne ya yi yawan aiki, a ɗora wa mai lafiya magani. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017. A tambayi majiyyaci, a dakatar da ƙwayar aƙalla kwana biyu, a sake ɗibar jini.

Na biyu furolaktin, homon da ke sa a samu ruwan nono. Idan hoto ya nuna babban ƙari a fituwitari, ƙullin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai fitar da homon ɗin, amma sakamako ya hau kaɗan kawai, ana zargin homon ɗin ne ya yi yawa har ya cike antibodi biyun da wannan awon ke amfani da su daban-daban, suka kasa haɗuwa. A sirka samfurin ɗaya cikin 100 a maimaita. Idan kuwa adadin ya hau ba tare da wata alama a jiki ba, a tace da sinadarin PEG don fitar da furolaktin ɗin da ya dunƙule da antibodi.

Sauran sun shafi yadda ake kula da samfurin jini ne. Jinin da jajayen ƙwayoyinsa suka fashe yana rage insulin, domin suna sakin sinadarin da ke narkar da shi. Homon ACTH kuwa a kwalba mai EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, ake ɗibarsa, a sa a ƙanƙara, a raba ruwan da wuri.

Abin da ya rage

An rubuta waɗannan matakai a takarda guda don liƙawa kusa da na'ura, kuma sakatariya za ta aika wa kowa. Ɓangaren antibodin da ke shiga tsakani yana ɓata awo bai kammala ba, an ɗage shi zuwa baɗi. Kwamiti na ba da shawarar a karanta ayyukan Svetlana Mojsov da Jens Juul Holst kan homon hanji mai suna GLP-1 a zangon gaba. Mai son jagorantar zama ya ba da sunansa kafin babban taro.

Kwamitin Ilimi da Bincike