An ba ɗana na 29 cikin 33 a nazare, babansa ya ce daƙiƙi ne

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Allah ya saka da alheri kan yadda kike sauraren matsalolin mutane.

Ina rubuto miki ne zuciyata a cunkushe, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ranar Alhamis aka raba takardun sakamakon zango na biyu a makarantar su ɗana. Shekararsa biyar da wata biyu, yana aji biyu na nazare. A gurbin karatu an rubuta masa 21 cikin 100, a aji ya zo na 29 cikin 33, sannan malamarsu ta rubuta da Turanci a ƙasa cewa yaro ne mai jinkirin fahimta, a nema masa lesin. Babansa ya karanta a tsakar gida da ƙarfi, a gaban abokiyar zamana da 'ya'yanta, ya ce ashe daƙiƙi yake biya wa kuɗin makaranta. Yaron yana tsaye riƙe da jakarsa, bai ma cire takalmi ba. Tun ranar bai ƙara taɓa littafinsa ba, ko na miƙa masa sai ya kawar da kai.

Anti, ni malama ce, fannin ilimin ƙananan yara na karanta, don haka ba son kai irin na uwa ne kawai yake sa ni magana ba. Ban ce ɗana ya fi kowa ba. Abin da nake cewa shi ne wannan 21 ɗin ba maki ba ne, kuma zan yi miki bayani dalla-dalla don kada ki ce ina kare shi ne.

Washegari na je makarantar na ce a nuna mini takardar jarrabawar. Da ƙyar aka fito da ita. Shafi ɗaya ne, haruffa 100, layi goma, kowane layi haruffa goma, manya da ƙanana a cakuɗe. Ina ganinta na gane ta. An kwaikwayo ta ne daga wani gwajin auna karatun yara 'yan ƙananan aji da ake kira EGRA, wanda aka yi amfani da shi da Hausa a Bauchi da Sakkwato kan 'yan firamare aji biyu da uku. Yadda ake yinsa, ana ba yaro daƙiƙa 60, ya bi haruffan yana faɗin sautin kowanne, mai gwaji yana soke wanda ya kuskure. Abin da ake samu a ƙarshe shi ne adadin sautukan da ya faɗa daidai a minti ɗaya. An sa haruffa 100 ne don kada mai sauri ya ƙare su kafin lokaci ya cika, ba wai ana sa ran yaro ya kai ƙarshe ba. To ita malamar sai ta ɗauki 21 a minti ɗaya ta mayar da shi kashi 21 cikin ɗari, ta rubuta da jan biro. Yaro ɗan shekara biyar da ya faɗi sautuka 21 daidai cikin minti guda, da Turanci, harshen da ba shi ake yi a gidansu ba, wallahi a wurina bai faɗi ba. Kuma shi wannan gwaji tun asali an yi shi ne don a gane inda makarantu da tsarin koyarwa suke da rauni, ba don a jera yara daga na ɗaya zuwa na kashin baya ba.

Sannan gwajin yana da ƙa'idoji, ko ɗaya ba ta bi ba. Ana zama da yaro shi kaɗai a wuri mara hayaniya. A yi masa bayani da harshen da yake ji, a gwada masa misalai kafin a kunna agogo. In ya tsaya a kan harafi daƙiƙa uku, a nuna masa na gaba a ce ci gaba, kada lokacinsa ya ƙare a wuri ɗaya. In ya kuskure ya gyara da kansa, daidai ne. In ya kasa dukkan layin farko, a dakatar da gwajin cikin lallami don kada a karya masa gwiwa. Ita kuwa a gaban allo ta tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, sauran yara talatin da biyu suna ta surutu, bulalarta a kan tebur. Da bakinta ta faɗa mini haka, ba tare da ta ga wani laifi a ciki ba. Ta ce ya daɗe yana kallon harafi ɗaya ta ƙyale shi "ya yi tunani". Tunanin nan ne ya cinye masa kusan rabin mintinsa.

Na zauna na bi kurakuran da ta soke ɗaya bayan ɗaya. Makarantar tana koyarwa da Jolly Phonics, wato tsarin koyar da karatun Turanci ta hanyar sautukan haruffa, sautuka 42 a rukuni bakwai, farawa da s, a, t, i, p, n. Daga littafin aikinsa na ga rukuni uku kacal suka gama, wato haruffa 19. Ba a koya musu j, z, w, v, y, x da q ba tukuna, amma duk suna cikin takardar. Huɗu daga cikin kurakuransa a nan suke. Yaya za a tambayi yaro abin da ba a ba shi ba? Sai c, ya faɗe ta kamar a "cokali", don yadda na koya masa ke nan a gida da Hausa, ita kuma sautin k take so. Sai p da ya furta kamar f, wanda kowa ya san Bahaushe babba ma yana yi, tunda babu p a harshenmu. Sai b da d da ya musanya sau biyu, abin da yara da yawa ke yi har wajen shekara bakwai. Layin farko kuma daga dama ya faro shi, saboda da yamma yana zuwa makarantar allo, can kuwa daga dama ake farawa. Maimakon ta ɗora yatsa ta nuna masa, sai ta bar shi ya yi nisa sannan ta daka masa tsawa. In kin cire waɗannan, kuskuren da zan kira na rashin sani bai wuce biyu ba.

Na san za ki ce me ya sa ban yi wa malamar wannan bayanin cikin natsuwa ba. Na yi, Anti. Da farko na yi. Ita ce ta ce mini in na fi ta sani in zo in karɓi ajin, a gaban wasu iyaye. A nan muryata ta ɗan tashi, ban musa ba, amma ban zage ta ba, ce mata kawai na yi wanda bai san bambancin sunan harafi da sautinsa ba bai kamata a ba shi 'ya'yan mutane ba. Mai makarantar ya fito, maimakon ya dubi takardar sai ya ce tsarinsu ke nan, iyaye ne suke son a rubuta matsayi, in ba a rubuta ba sai su kwashe 'ya'yansu. Ya ƙare da cewa akwai lesin bayan an tashi, ana biya daban. Ni dai na gane inda aka dosa. A rubuta wa yaro jan maki, a tsorata uba, a karɓi kuɗin lesin.

Takardar sakamakon ɗan nazare ba haka ya kamata ta zama ba. Kamata ya yi ta nuna abin da yaro ya iya, abu-abu: shin yana riƙe littafi daidai yana bin rubutu daga hagu zuwa dama, yana iya tafa gaɓoɓin kalma, yana jin sautin farko na kalma, haruffa nawa ya sani cikin waɗanda aka koyar, yana haɗa sautuka biyu ko uku su ba da kalma, yana iya maimaita labarin da aka karanta masa. A gaban kowanne a nuna ko ya fara, ko yana kan hanya, ko ya ƙware. Sannan a kwatanta shi da kansa na zangon baya. Tasu takardar ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Maki ne kawai, da jimla, da matsayi. Da na nemi adadin da ya samu a zango na ɗaya, ba su ma ajiye ba.

A gida na gwada shi da kaina ranar Asabar, da wasa, bayan na lallashe shi. Na ce ya tafa "tattabara", ya tafa huɗu daidai. Na ce wanne ne ya fara kamar "tasa", tulu ko kofi, ya ce tulu. Na rubuta "sa" da "ta" a ƙasa da tsinke, ya haɗa ya ce "sata", har ya yi dariya ya ce ba kyau. Na ba shi gajeren labari na yi masa tambayoyi biyar, ya amsa huɗu. Wannan ne mai jinkirin fahimta?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yar abokiyar zamana ajinsu ɗaya, ta zo ta biyu, kuma tun ranar uwarta take ta guɗa da habaici a tsakar gida, ta liƙa takardar a jikin firij ɗin falo. Ni ba ni da komai da yarinyar, 'yata ce, ni nake yi mata kitso. Amma ta girme shi da wata goma, kuma wata goma a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ne, kusan kashi ɗaya cikin shida na rayuwarsu ne. Kuma littafin karatun haddace shi ta yi. Na rufe hoton da hannu na nuna mata kalma daga tsakiyar layi, ta kasa, sai da ta koma farkon shafi ta rero. Ban yi don in kunyata ta ba, so na yi in nuna wa babansu bambancin hadda da karatu. Uwarta ta gani ta tagar ɗaki, yanzu ta kai ƙara wai ina yi wa 'yarta baƙin ciki, shi kuma ya hau kai ya zauna.

Na manta ban faɗa miki ba, a farkon zangon yaron ya yi sati uku bai je makaranta ba, zazzaɓi ya yi, kunnensa na hagu ya yi ta zubar da ruwa. An ba shi magani ya daina. To amma da nake gwada shi na lura in na yi magana ta bayansa sai ya ce "iye?", kuma tambayar da ya kuskure a labarin ita ce wadda na yi lokacin da na juya ina ɗauko ruwa. Na san ciwon kunne yana iya barin ruwa a ciki ya rage ji na wani lokaci, kuma yaron da ba ya jin bambancin sautuka da kyau dole ya sha wuya a irin wannan karatu. A bayan aji ma malamar take zaunar da shi. Wannan ne yake hana ni barci, gaskiya. Ban faɗa wa babansa ba, don in na faɗa zai ce ga shi na yarda akwai matsala, bayan na yi ta rantsuwa cewa laifin makaranta ne. Kuma zai ce ni na yi sakaci ban mayar da shi asibiti ba, alhali shi ne ya ce tunda ruwan ya tsaya a bar shi.

Yanzu ya yanke hukunci yaron zai shiga lesin har ƙarfe huɗu, daga can ya wuce allo, in bai gyaru ba a zango na uku ya maimaita aji. Yaro ɗan shekara biyar daga bakwai da rabi na safe har magariba. Lesin ɗin kuma ita dai wannan malamar ce za ta yi. Na so in canza masa makaranta, ya ce ba zai raba 'ya'yansa ba, kuma ba zai biya kuɗin sabon yunifom da littattafai a tsakiyar shekara ba.

Anti, in koma in ba malamar haƙuri ne don kada ta huce a kan yaron, ko hakan zai zama na amince da makin? In kai shi a duba kunnen a ɓoye da kuɗina, in sakamako ya fito sannan in faɗa, ko wannan ma wani laifin ne a wurin maigida? Na yi tunanin in sa yayansa ya yi masa magana, amma matar yayan ƙawar abokiyar zamana ce. Jiya da dare yaron ya tambaye ni, "Umma, mene ne daƙiƙi?" Na ce masa ya yi barci. Don Allah ki faɗa mini ta yadda zan sa babansa ya kira shi ya janye kalmar nan da bakinsa, ba tare da ya ga kamar na raina shi ba.

Taki,
Wata uwa daga Kano