Rahoton Shekara: Gyaran Gidan Masu Masaukinmu a Kalakla, Khartoum

Assalamu alaikum 'yan uwa tsofaffin ɗaliban Sudan.

Aikin da ya cinye mana wannan shekara ta 2020/2021 shi ne gyaran gidan dattijon nan na unguwar Kalakla, a kudancin Khartoum, wanda shi da iyalinsa suka sauki 'yan ƙungiyarmu da dama lokacin karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya, suka ciyar da su ba tare da sun karɓi ko fam ɗaya na kuɗin Sudan ba. Taron wata-wata da ziyarar marasa lafiya da ta'aziyya sun gudana yadda aka saba, kuma sakatare ya rubuta su a littafin taro.

A watan Satumba na 2020 ruwan Nilu ya haura mita 17.5 a Khartoum, ya wuce na 1946 da na 1988, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Gidaje sama da 100,000 ne suka rushe ko suka lalace a faɗin ƙasar, kuma Kalakla, da ke bakin Farin Nilu, tana cikin unguwannin da abin ya fi shafa. A gidan da muke magana, ɗakuna biyu da katangar gabas da masai sun faɗi. Ɗakin baƙi ya tsaya, amma gindin bangonsa ya jiƙe.

Ginin na jalus ne, wato taɓo da ake ɗorawa hawa-hawa. Irin wannan bango ruwan sama bai cika kayar da shi ba idan yaɓensa na da kyau. Ruwan da ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki shi ne ajalinsa: ƙasan ya narke, nauyin saman ya danne shi, sai ya zube gaba ɗaya. Ga kuma ƙasar wurin, baƙar laka ce da ke kumbura da damina ta tsage da rani. Saboda haka kwamiti ya ƙi shawarar mayar da ginin yadda yake, duk da ita ce mafi araha. Ba mu yarda mu tara kuɗin jama'a mu gina abin da ruwan baɗi zai kwashe ba.

Wajen tara kuɗi, mun buɗe asusu na daban mai sa hannun mutum uku, kuma ma'aji yana saka hoton kowane shigar kuɗi a zaurenmu na WhatsApp. Kuskurenmu na farko shi ne mun yi kasafi da alƙawuran da aka ɗauka a taro. Alƙawari ba ya sayen siminti. Daga baya muka koma lissafi da abin da ya shiga asusu kawai, muka raba aikin kashi uku, ba a fara kashi sai kuɗinsa sun cika.

Aika kuɗin ya fi tara su wuya. Amurka ta cire Sudan daga jerin ƙasashen da ke tallafa wa ta'addanci a Disamban 2020, amma tura kuɗi ta banki bai zo da sauƙi nan take ba. Mun bi ta hannun iyayen ɗalibai: mu ba su naira a gida, wakilinmu ya karɓi fam a Khartoum, ya biya masu kaya ta Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya ta Bankin Khartoum. Kashin farko an canza shi duka a rana ɗaya, ya zauna ana jiran magini, alhali hauhawar farashi a ƙasar ta wuce kashi 300 cikin ɗari. Kafin a je kasuwa, buhunan simintin da kuɗin za su saya sun ragu. A Fabrairun 2021 kuma gwamnati ta karya darajar fam, farashin hukuma ya tashi daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya. Tun daga nan dokarmu ita ce: ranar da aka yi canji, ranar za a sayi kaya a kai su gida, a turo rasit.

Ga yadda aka yi ginin. An haƙa harsashi har aka wuce lakar sama, aka shimfiɗa yashi, aka zuba kankare na kwanon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A kai aka ɗora jan bulo da kwaɓin siminti ɗaya, yashi shida, har ya haura titi da santimita 60, sannan aka shimfiɗa leda mai kauri don kada danshi ya hau bango. An yi kwana bakwai ana ba kankaren ruwa safe da yamma. A zafin Khartoum, wanda ya yi sakaci da wannan zai ga tsagewa kafin wata ya zagayo. Jan bulon ya yi tsada, domin wuraren gasa shi a bakin kogi suke, su ma ruwa ya ci su. Rufin kuwa, tsohon kwanon da bai lanƙwashe ba an sake amfani da shi, katakon da gara ta ci ne aka sauya, aka sa indararo mai kai ruwa nesa da gindin bango. Masai an haƙa sabo a ɓangaren da ya fi tudu, aka gina cikinsa da bulo, tsohon ramin aka zuba masa farar ƙasa aka cike.

Ɗakin baƙi ne inda muka yi asara ta biyu. An yi wa bangon taɓon filastar siminti tun bai gama bushewa ba, sai ta kumbura ta ɓamɓare falle-falle, domin siminti ba ya kama taɓo, kuma yana kulle danshi a ciki. Matan gidan ne suka ce a koma wa zibala, yaɓen ƙasa da kashin dabbobi da suka saba yi kafin damina. Aka kankare filastar, aka bar bangon ya sha iska, aka yi yadda suka ce, kuma ya kama.

Yanzu iyalin sun bar rumfar da suka zauna a ciki sun koma ɗakunansu. Saura katangar gabas da ƙofar gida, kuma dole a gama su kafin ruwan Yuli. Cikakken lissafi da rasit suna hannun ma'aji ga duk mai son dubawa. Waɗanda alƙawarinsu bai shigo ba, muna roƙon su cika kafin taro na gaba, domin a ranar za a tsayar da adadin bulon da za a saya.

Kwamitin Gudanarwa