Gajerun Labaranmu Na Buƙatar Inda Za Su Zauna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan halin da gajeren labari yake ciki a adabin Hausa na yau, da abin da nake ganin marubuta da masu karatu za su iya yi da hannunsu ba tare da sun jira gwamnati ko wani kamfanin ɗab'i ba. Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare, kuma tun ina yaro nake karanta littattafan hikaya, don haka maganar ta shafe ni a wurin aiki, ta kuma shafe ni a gida.

Tun da sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata a shekarar 2016, duk shekara mata ɗaruruwa ne suke aika gajerun labarai masu kalmomi 1,000 zuwa 1,500. Uku ne suke lashe kyauta, a karanta wasu 'yan kaɗan a rediyo, daga nan sai a jira baɗi. Gasar ta yi abin yabo, domin ta sa an dawo da daraja ga labarin da ake iya karancewa a zama ɗaya. Abin da yake damuna shi ne sauran labaran da ba su kai ga nasara ba, waɗanda na tabbata akwai masu kyau da yawa a cikinsu, da kuma na maza da ba su da hurumin shiga gasar tun farko. Yawancinsu suna kwance a cikin wayoyin masu su, har ranar da waya za ta lalace ko a sace ta, shi ke nan aikin ya tafi ba wanda ya gan shi.

Ba mu da hujjar zama muna jiran mai ceto, domin tarihin rubutunmu ya nuna cewa marubucin Hausa ya san hanyar maɗaba'a da ƙafarsa. Gaskiya ne cewa hukuma ce ta fara buɗe ƙofa, da gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Bello Kagara, kuma gaskiya ne cewa kamfanin ɗab'in littattafai na Arewa, wato NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya riƙe aikin na tsawon lokaci. Amma da tattalin arziƙi ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta da ke da tabbacin kasuwa, matasan Kano da Kaduna da Zariya ba su ajiye alƙalami ba. Sun tara kuɗinsu, sun kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, sun ɗauko littattafan sun kai wa 'yan kasuwa da kansu. Ƙungiyar Raina Kama, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka yi fice a cikinta, ta taso ne a kan wannan tsari. Wasu masana sun kira abin da suna Adabin Kasuwar Kano, kuma an daɗe ana muhawara a jaridu a kan ingancinsa. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, matan aure da suka koyi haɗa baƙi a azuzuwan yaƙi da jahilci da aka buɗe a Kano zamanin gwamnatin Abubakar Rimi sun samu abin da ya hana karatun nasu gudu, kuma da yawa daga cikinsu daga baya sun zama marubuta.

Duk wanda ya taso a wancan lokaci ya san shagon hayar littattafai na unguwa. Littattafai ne sirara, jere a kan katako, an liƙe bangonsu da salatif saboda yawan hannun da suka bi, an rubuta sunan mai shago da biro a shafin farko da na ƙarshe. Yaro ne ake aikowa daga cikin gida da 'yan kuɗi a hannu da saƙon a ba shi na biyu, in kuwa na biyun yana hannun wata, sai ya koma ya dawo da yamma. Kafin littafi ya koma shago, amarya ta karanta, uwargida ta karanta, 'yan matan gida sun karanta, an kuma zauna a tsakar gida an yi gardama a kan wanda ya fi laifi a cikin labarin. A wurin nan ne da yawa daga cikinmu muka kamu da son karatu, tun kafin wani malami ya ce mana adabi ne muke karantawa.

Sai dai wannan kasuwa ta ginu ne a kan dogon labari mai kashi-kashi. Ribar marubuci da ta ɗan kasuwa tana cikin littafi na biyu da na uku, shi ya sa ake yanke labari a daidai inda zuciya ta tsinke, a ce mu haɗu a na gaba. Da karatu ya koma cikin waya, ɗabi'ar ta biyo shi. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, in labari ya kama mutane sai ta sanar cewa na kyauta ya ƙare, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ya turo shaidar biya. Ba na ganin laifin wannan sana'a, halal ce, kuma ta rufa wa mata da yawa asiri a cikin ɗakunansu. Amma tsarin yana tilasta wa marubuci ya ja labari ya yi ta ja, ko da abin faɗa ya ƙare tun a shafi na talatin, kuma gajeren labari ba shi da abin da zai sayar a irin wannan ciniki. Ga kuma darasin da OkadaBooks ya bar mana: dandalin da marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a kansa ya rufe a watan Nuwamba na 2023, wanda bai ajiye aikinsa a wani wuri ba kuwa ya ji a jikinsa.

Shawarata ga masu rubuta gajerun labarai ita ce su yi wa aikin tsarin adashi. Mutum goma ko goma sha biyu su haɗu, kowa ya kawo labari ɗaya ko biyu, kowa ya zuba abin da aka yanka masa, a fitar da littafi guda mai kauri da za a iya ajiyewa a kanta. Dalilin haɗuwar a fili yake ga duk wanda ya taɓa shiga maɗaba'a: kuɗin tsara shafuka da zanen bango da shirya aikin a kan inji ɗaya ne, ko kwafi ɗari za a buga ko dubu, saboda haka nauyin da zai durƙusar da mutum ɗaya ba zai gagari mutum goma ba. Ta fuskar sayarwa ma haka abin yake, domin kowane marubuci yana da danginsa da abokansa da masu bibiyarsa, in ɗaya yana Sakkwato, ɗaya yana Gombe, ɗaya yana Maraɗi ko Damagaram, littafin ya samu ƙafafu a garuruwan da mutum ɗaya ba zai iya zagayawa ba. Daga baya a fitar da shi ta waya a kan farashi mai sauƙi, amma a bar na takarda ya zama asali.

Akwai ƙananan hidimomi da bai kamata a tsallake ba. Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake ba da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, kuma doka ta ɗora wa mai buga littafi ya kai musu kwafi uku don ajiya. Littattafai masu yawa na shekarun 1990 ba su bi ta wannan hanya ba, shi ya sa yau ɗalibin jami'a mai bincike yake bin gidajen tsofaffin 'yan kasuwa yana neman abin da aka taɓa sayarwa a kowane lungu. Haka nan a rubuta yarjejeniya tun kafin a zuba kuɗi, a fayyace cewa kowane labari mallakar mai shi ne, a kuma fayyace yadda za a raba abin da aka samu, domin zumunci da yawa ya lalace a kan abin da aka bari a baki.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne gyaran rubutu. Wanda ya ce zai buga littafinsa da kansa ya ɗauki aikin kamfani gaba ɗaya, ciki har da aikin editan da zai karanta ya ce wannan shafi bai da amfani, wannan magana ba ta dace da bakin tsohuwa ba, wannan yarinya da aka ce marainiya ce a farko ga mahaifinta ya bayyana a tsakiya ba bayani. Littattafan farko da har yau muke koyarwa a aji sun bi ta hannun masu gyara a Zariya kafin su fito, kuma wannan yana cikin abin da ya sa suka jure shekaru casa'in. Mu kuwa mun ɗauki biyan maɗaba'a wajibi, biyan mai gyara kuma almubazzaranci. A dogon labari, mai karatu yakan yafe kuskure saboda yana sauri ya ga ƙarshe. A labari mai shafi biyar babu inda kuskure zai ɓuya, jimla ɗaya da ta karkace tana iya rusa ginin duka.

Ga kuma ƙa'idojin rubutu, waɗanda waya ta yi wa illa ƙwarai. Ina karɓar takardun ɗalibai in ga an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an zubar da ƙugiyar baƙaƙe, an sa harafin da babu shi a Hausa, in na tambaya sai yaro ya ce haka ya gani a littafin da yake karantawa. Ba na zargin yaron, domin abin da ido ya saba gani shi hannu yake rubutawa. Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna yaye masu digiri a Hausa duk shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. In kowace ƙungiyar marubuta ta ware wani kaso na kuɗin bugu ta biya ɗaya daga cikinsu ya tsefe rubutun, littafi ya gyaru, matashi kuma ya samu sana'a a fannin da ya karanta. Wannan gyara na cikin gida yana da wani amfani kuma. Mun ga abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da aka tara littattafan hikaya aka ƙone a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, aka haɗa mai kyau da marar kyau. Marubutan da suke tace aikin junansu da gaskiya sun fi samun bakin kare kansu a ranar da irin wannan guguwa ta sake tasowa.

Masu karatu ma akwai namu. Aron littafi tsohuwar al'ada ce mai kyau, kuma ba na so ta mutu, amma littafin takarda hannu ɗaya yake shiga a lokaci ɗaya, in ya tsufa a sayi wani. Tura littafin kuɗi zuwa zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyar wani abu ne daban, ko da mai turawar yana ganin alheri yake yi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana, kuma tun kafin doka, addini ya hana cin gumin wadda ta hana idonta barci ta rubuta. Mai son ya yaɗa son karatu yana da hanyoyin da ba su cutar da kowa: ya sayi kwafi biyu ya ba da ɗaya, ya sa littafi a cikin tsarabar Sallah ta yara, ya karanta wa iyayensa da idonsu ya yi rauni. A nan ma gajeren labari ya fi dacewa. Ni kan karanta wa ɗalibaina labari ɗaya a cikin darasin minti arba'in, a samu sauran lokaci a tattauna, kuma na lura cewa yaron da ya ji daɗin labari mai shafi huɗu shi ne yake dawowa bayan kwana biyu yana tambaya ko akwai mai tsawo da zan ara masa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne wannan jarida ta ware ko da rabin shafi ne a kowane mako, a buga gajeren labari ɗaya da aka gyara da kyau, a gefensa kuma a yi ɗan sharhi a kan wani littafi da marubuci ya buga da kansa, a faɗi inda ake samunsa da farashinsa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a 1939, marubucin hikaya ne editanta na farko, don haka dangantakar jarida da labari ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A bar wa marubuci haƙƙin labarinsa domin ya iya sa shi a littafi daga baya, a kuma ba shi ɗan abin sayen takarda in hali ya yi. In aikin tantance labaran da za su shigo ne zai yi wa ma'aikatanka yawa, ni da wasu abokan aikina malaman Hausa a shirye muke mu riƙa karantawa muna gyarawa kyauta a lokutan hutun makaranta, har shafin ya tsaya da ƙafarsa.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin Hausa, daga Kano