Godiya ga ofishin da ya kai mu tsakiyar tsibirin Sao Tome

Zuwa ga Alhaji Manaja da dukkan ma'aikatan ofishin shirya tafiye-tafiye da ke kan titin IBB, Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali da kasuwa suna lafiya. Na rubuto takardar nan ne a madadin ƙungiyarmu ta tsofaffin malaman gona da suka ajiye aiki, wadda kuka shirya wa tafiya zuwa Sao Tome a watan Yuli. Da nufina in zo ofis in faɗa muku da baki, sai 'yan ƙungiya suka ce a'a, a rubuta inda kowa zai gani. Hujjarsu ita ce mutanenmu sun fi saurin yaɗa labarin ejan da ya cinye kuɗin Umara a kan na wanda ya riƙe amana, har ta kai wanda ke da halin tafiya ma yana tsoron ɗaukar kuɗinsa ya miƙa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ya faru ne tun kafin mu ga jirgi. Mun zo muku da kaka, an sayar da amfanin gona, adashinmu ya cika, muna so a yanka mana tikitin watan Nuwamba. Alhaji, kuɗin nan suna kan teburinka ka ce mu mayar da su aljihu. Ka bayyana mana cewa Oktoba da Nuwamba tsakiyar ruwa ne a can, kuma abin da muka ce muna son gani, wato gonakin koko da duwatsun cikin ƙasar, ba a bakin kwalta yake ba. Ka ce in mun nace za ka kai mu, amma rabin kwanakin a barandar otal za mu yi su muna kallon ruwan sama. Raninsu, wanda suke kira gravana, daga Yuni ne zuwa Satumba, daidai lokacin da mu muke cikin damina. Ba mu ji daɗin maganar ba a ranar, domin manomi ba ya son barin gari gero na tasowa. Muka haƙura har aka gama noman farko, muka bar wa yara sauran. Ejan nawa ne a garin nan zai ga kuɗi a hannu ya ce a dawo bayan wata takwas?

Batun takardu ba sai na ja shi ba. Hajiya mai kula da fasfo ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya har ya karɓo katin rigakafin shawara, ta tuna mana da maganin zazzaɓin cizon sauro, ta kuma ce mu riƙe yuro a hannu kada mu dogara da katin banki. Kuɗinsu dobra ne, an ɗaure shi da yuro, dobra 24.5 a yuro ɗaya, saboda haka lissafi bai ba mu wahala ba. Allah Ya yi mata albarka.

Ga wanda bai san wurin ba, Sao Tome tsibiri ne a cikin tekun Gini, wajen kilomita 250 daga gaɓar Gabon. In ka ɗora yatsa a kan Katsina a taswira ka ja shi kudu sak, ka wuce Neja Delta ka faɗa ruwa, kusan a kansa za ka sauka. Shi da ƙaninsa Principe ƙasa ɗaya ce, ta karɓi 'yanci daga Fotugal ranar 12 ga Yuli, 1975, kuma harshen Fotugal suke yi. Ba baƙuwa ba ce ga Najeriya. Daga filin jirginsu ne ƙungiyoyin coci suka riƙa jigilar kayan agaji cikin dare zuwa Uli, a yankin Biyafara, lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1968 da 1970, kuma tsofaffin jiragen zamanin suna nan yashe kusa da filin. A 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu kan haƙar man da ke tsakaninsu, Najeriya kashi 60, su kashi 40. Da sojoji suka yi juyin mulki a can a Yulin 2003, shugabansu Fradique de Menezes yana Abuja, Obasanjo ne ya raka shi gida. Jagoran da kuka haɗa mu da shi yana jin mun ce Najeriya, labarin da ya fara kawo mana ke nan.

Jagoran nan da direbobinsa biyu, ku isar musu da gaisuwarmu. Motocinsu jif ne masu ja da ƙafa huɗu, ba sababbi ba ne amma an kula da su, kowace da tayar safaya mai kyau da igiyar ja da adda. Addar ta yi aiki, domin sau da yawa sai an sare reshen da ya faɗo kafin a wuce. Hanyoyin cikin gonakin ba irin burjinmu ba ne. Duwatsu baƙaƙe aka jera tun zamanin Turawa, gansakuka ta rufe su, ga santsi ga hawa, gefe guda kuma kwazazzabo ne wanda ba ka ganin ƙasansa. Ni da na yi shekaru ina bin ƙauyukan Batsari da Safana a kan babur, na san direban da ya iya da wanda ke gwada sa'a. Waɗannan ba sa gaggawa, ba sa taka burki a kan gangara barkatai, in an zo rafi sai ɗaya ya sauka ya auna zurfinsa da ƙafa tukuna.

Ranar da muka hau tsakiyar tsibirin, mun bi ta Trindade muka tsaya a Batepa. A nan jagoran ya ba mu labarin kisan Fabrairun 1953, lokacin da gwamnan mulkin mallaka Carlos Gorgulho ya sa aka far wa 'yan ƙasa saboda sun ƙi aikin tilas a gonakin Turawa. Har yau ranar 3 ga Fabrairu ranar juyayi ce a ƙasar. Na yaba da tsayawar nan. Wani jagoran da sai ya wuce da mu kai tsaye wurin ɗaukar hoto.

Daga nan sai Monte Cafe, tsohuwar gonar gahawa da aka kafa a 1858. Ku yi mini haƙuri in na daɗe a nan, sana'a ce ta motsa. Irin waɗannan gonaki suna kiransu roca, kuma kowace gari ce sukutum: gidan mai gona a sama, layin ɗakunan leburori a ƙasa, ga rumbuna, ga asibiti, wasu har da ɗan layin dogo. A farkon shekarun 1900 wannan ɗan tsibiri yana sahun gaba a duniya wajen fitar da koko, amma da gumin mutanen da aka kwaso daga Angola da Kef Bad da Mozambik a kan kwantiragin da bai da maraba da bauta, har kamfanonin cakulan na Ingila suka ƙaurace wa kokonsu a 1909. Bayan 'yanci gwamnati ta karɓe gonakin, aka rasa kuɗin gyara da ƙwararru, amfani ya yi ƙasa, sai a shekarun 1990 aka yanka filayen aka raba wa ma'aikata. Jikokin leburorin nan ne yanzu ke zaune a cikin gine-ginen, wasu rufinsu ya rufta, suna noman 'yan kadadunsu.

Abin da ya ɗaure mana kai, mu da muka saba da gona fili fetal, shi ne a can sai da inuwa ake noma. Koko ba ya son rana kai tsaye, saboda haka hawa uku za ka gani a gona ɗaya: dogayen itatuwa a sama, ayaba a tsakiya, koko a ƙasa, 'ya'yansa manne a jikin gindin. Aka fasa mana ɗaya, muka tsotsi farin naman da ke lulluɓe da ƙwayar, zaƙi da ɗan tsami. Aka nuna mana akwatunan katako inda ake rufe ƙwayar wajen mako guda ta yi zafi ta ruɓa, ana juya ta, sannan a shanya. Manoman sun haɗa kai cikin ƙungiyoyi, suna shanya tare, suna sayarwa tare, ba sa zuba maganin feshi, shi ya sa masu saye daga Turai ke ba su farashi mai kyau. Muka kalli juna. Shekara nawa muna wa manoman riɗi da gyaɗa wa'azin nan a Katsina? Jagoran ya yi mana tafinta fiye da awa biyu, tambaya kan tambaya, bai nuna gajiya ba, bai kuma duba agogo ba.

Sama da nan akwai magangarar ruwa ta Sao Nicolau, sai lambun Bom Sucesso, ƙofar gandun dajin Obo, sama da mita 1,000 daga teku. Sanyi ya kama mu har wasu suka nemi rawani. Masu sauran ƙarfi suka taka zuwa Lagoa Amelia, bakin wani mataccen dutse mai aman wuta da ciyawa ta rufe ruwan cikinsa, suka dawo suna cewa ƙasar tana motsi in ka taka. Mu masu ciwon gwiwa aka ajiye mana kujeru da shayi. Ashe tun daga nan Katsina kun aika musu da shekarun kowa da lalurarsa. Ƙololuwar tsibirin kuwa, mai mita 2,024, daga nesa muka gaishe ta.

Arewacin tsibirin ya ba mu dariya. Duwatsun tsakiya suna tare iskar da ke ɗauko ruwa daga kudu maso yamma, sai kudu ta sha ruwan da ya haura milimita 5,000 a shekara, arewa kuwa wajen 1,000 kawai. Muna gangarowa Lagoa Azul sai ga busasshiyar ciyawa, ga kuka, ga tsamiya, teku shuɗi a bayansu. Wani dattijonmu ya ce a tsaya, ya je ya dafa kukar ya tsinko ganye. Da ya ce wa direba mu miya muke yi da shi, direban ya zaci zolaya ce.

Kudu ita ce doguwar rana. Hanya ta lalace bayan Sao Joao dos Angolares, aka shiga gonakin kwakwar manja, daga nan aka saki babbar hanya aka kutsa wani lungu don mu ga Cao Grande da kyau. Dutse ne guda, ƙololuwarsa mita 663 daga teku, ya miƙe daga cikin kurmi tamkar an kafa taɓarya. Asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron dutse mai aman wuta, ruwa ya cinye na kewaye ya bar shi tsaye. Da muka isa gajimare ya rufe shi ruf, ba ka ganin komai sai gindi. Direba ya kashe mota ya ce a jira. Muka yi azahar da la'asar a haɗe, muka ci abinci, can sai iska ta yaye. Ban ji wanda ya ce komai ba sai tasbihi. Da hayar awa aka yi da su, da tuni sun ce mu tafi. Kun yi da su a kan yini, kun kuma gaya musu ba a kora mu.

Daga Porto Alegre ake shiga kwalekwale mai inji zuwa ɗan tsibirin Rolas, inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa, akwai alama a wurin da taswira shimfiɗe a ƙasa. A bakin ruwan nan ne aka gwada kirarinmu na kunya gare ku ba dai tsoro ba. Kunyar dai ta yi rana, domin babu wanda ya yarda ya fara cewa ya fasa. Kowa aka ɗaura masa rigar ruwa, kuma sun ƙi ɗaukar mu duka a sawu ɗaya ko da yake wurin zama ya isa.

Sai batun addini, wanda shi ne ya sa iyalanmu suka saki jiki. Musulmi kaɗan ne ƙwarai a ƙasar, kuma ana cin alade, ana shan bammi. Kun riga kun gaya wa masu masauki kifi da ganye kawai za a ba mu, a tukunyar da ba a dafa wani abu ba. Miyarsu ta calulu, ta busasshen kifi da ganyaye da manja, ta karɓe mu. Yaron ofishinku ya buga mana jadawalin salla na can, domin agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, rana tana faɗuwa wajen biyar da rabi. Ya kuma rubuta cewa alƙibla a can ta fi ta gida karkata arewa. Kowace mota da buta da tabarma a bayanta. Direbobin ba Musulmi ba ne, amma kafin mu baro su ne ke tuna mana lokaci ya yi.

Shawara ɗaya muke da ita, Alhaji, kuma ba ƙorafi ba ce. Tafinta ɗaya ya yi kaɗan ga motoci biyu. Waɗanda ke motar baya sun riƙa jiran a tsaya kafin su ji bayanin abin da aka wuce. In za ku kai wata tawagar, ku sa wa kowace mota nata, ko da kuɗin zai ɗan ƙaru. Ƙungiyar matanmu sun ji labari sun fara nasu adashin, kuma sun ce a tambaye ku ko za a iya haɗa musu da Principe. Shugabarsu za ta zo ofis bayan Sallah.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare ku da dukiyarku, Ya saka wa iyayenku da alheri.

Wassalam.

Naku,
Sakataren ƙungiya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.