Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Maganar Batir Mai Tsada Da Na Gama-Gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna godiya da amanar da kuke ba wannan ɗan shago namu na Ƙofar Ruwa. Tambaya ɗaya ce kan batir ɗin mota ta sa muka rubuto, wadda ba a wuni ba a yi mana ita ba: "Malam, in na ƙara kuɗi na ɗauki mai tsadar, zai fi daɗewa?" A bakin kanta, ga hayaniya ga mai jiran canji, amsar ba ta samun wurin zama. Shi ya sa muka ga gara mu faɗa a tsanake.

Wani lokaci yakan fi daɗewa, sau da yawa kuwa ba ya fi. Mun san ribarmu ta fi kauri a kan mai tsadar, amma da ku za mu sake haɗa ido gobe.

Duk batir ɗin da ke kan kantarmu asalinsu ɗaya: farantan dalma cikin ruwan asid, ɗaki 6, in ya cika caji awo ya nuna bolt 12.6. Tsohuwar fasaha ce, tun 1859 Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro ta. A gini aka bambanta. Na gama-gari ruwansa kwance yake yana kai da komo. Cikin masu tsadar akwai wanda ake kira EFB, shi ma mai ruwa ne, sai dai an ƙarfafa farantansa. Shi kuwa AGM, babban yaya a tsada, ruwansa a tsotse yake cikin wata shimfiɗa ta zaren gilashi da aka matse tsakanin faranti, don haka ba ya zuba, yana jure girgiza, yana kuma shan caji da sauri.

EFB da AGM ɗin nan su ake sa wa motocin zamani masu kashe injinsu da kansu a danja ko a cunkoso, su tashi da an ɗaga ƙafa daga birki. Irin wannan mota tana tayar da inji sau da yawa a tafiya ɗaya, na gama-gari ba zai iya da ita ba. Alhaji, in Mercedes ko BMW ɗinka da AGM ta zo, to AGM za a mayar mata, kada a yi ciniki a nan. Wasunsu ma sai an sanar da kwamfutar motar cewa an sa sabon batir, in ba haka ba ta ci gaba da yi masa cajin tsoho.

To amma yawancinku ba irin waɗannan kuke hawa ba. Corolla ce, Camry ce, Golf ce ko Sharon ta lodin fasinja, batir na zaune cikin bonet kusa da inji, rana na dukansa ta sama, inji na gasa shi ta gefe. Lambar CCA da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wadda ake cika baki da ita, awon ƙarfin tayar da mota ne a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Wannan damuwar mutanen Kanada da Rasha ce. Mu a Kano, watan Afrilu zafi na haura digiri 40, kuma zafi ke cin batir: yana ƙafar da ruwa, yana zaizaye faranti. Ƙiyasin da masu sana'ar suka saba yi shi ne, duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 na rage kwanan batir da rabi. AGM a rufe yake ruf, ruwan da ya rasa ya tafi ke nan, abin da ya sa kamfanoni da dama ke ɓoye shi a but ko ƙarƙashin kujera. Na gama-gari mai murfi kuwa ana iya duba shi a ƙara masa tataccen ruwan batir. Tatacce muka ce, don Allah, ba fiya wata ba, ba na rijiya ba.

In hunturu ya kama, mota ta ƙi tashi da asuba, sai ka ji ana tsine wa sanyi. Bazara ce ta riga ta yi ɓarnar, sanyi tona asiri kawai ya yi.

Bari mu faɗi namu laifin. Akwai wani direban haya da muka sayar wa mai tsada, ya dawo da shi a mace bayan 'yan watanni. Muka canza masa bisa garanti, ya sake dawowa. Sai a karo na uku muka ɗora awo a motar, ashe altaneta, na'urar da ke yi wa batir caji, ce ke zuba caji fiye da kima tana dafa batir ɗin. Shi ya yi asarar kwanakin aiki, mu muka yi ta batir biyu, alhali aikin minti biyar ne da mun yi tun farko. In inji na aiki, awo ya kamata ya tsaya tsakanin bolt 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. In ya gaza, batir ba zai taɓa cika ba. In ya doshi 15, ana dafa shi ne. Haka motar da ake ajiyewa makonni ba a tayarwa, wani farin gishiri ke kama farantanta ya ƙi saki. Ga batir da ba a ɗaure ba yana rawa a kan gargada, ga kan batir da ake dannawa da ƙusa ana bugu da dutse. Babu tsadar da ke maganin waɗannan.

Saboda haka daga yanzu ba za mu ɗaura wa kowa batir ba sai mun auna cajin motarsa, kuma kyauta ne. In matsalar ta mai rewaya ce, za mu ce ku fara zuwa can, ko da cinikin ya wuce mu. Za mu nuna muku ranar da aka ƙera batir, domin yana tsufa ko a kan kanta yake, mu kuma rubuta ranar sayarwa a jikinsa. In kuna shakka tsakanin biyu masu lamba ɗaya, ku ɗaga su. Galibi wanda ya fi nauyi ya fi dalma.

Tsohon kuma ku kawo mana, za mu rage muku kuɗi. Kada a bar shi a tsakar gida yara na wasa da shi. Dalma guba ce, ba mu manta abin da ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba.

Roƙonmu ɗaya: ku zo da motar kanta. In aka aiko yaro a babur da tsohon batir a ƙafa, ba mu da abin da za mu auna.

Allah ya bar zumunci, ya tsare hanya.

Naku,
Mai shago da yaran shago, Ƙofar Ruwa, Kano