Ƙanena na son barin giya, amma da wa zai zauna?

Assalamu alaikum Malama, barka da aiki, ya iyali? Ni mai sauraron shirinki ce daga unguwar Zango, nan Damagaram. Don Allah a sakaya sunana. Kin san garin namu, ko tari mutum ya yi a Birni sai an ji a Kara-Kara.

Maganar ƙanena ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗan kabu-kabu ne, yana da mata da ƴaƴa. Giya ta kama shi tun yana saurayi, a fadar da suke zama da dare. Da shayi aka fara, aka zo ana cusa ƴar kwalba ƙarƙashin benci. Yanzu in ya samu jika uku a wuni, da ƙyar jika ɗaya ke isa gida. An yi masa rubutu, an yi nasiha, Baffanmu har hannu ya sa masa.

Bayan azumin bana da kansa ya ce ya bari, ya kuma yanke gaba ɗaya. Washegari hannunsa ya kama rawa, gumi na zuba, barci ya gagara. Daga baya ya soma ganin abubuwa na tafiya a bango. Inna ta ce iskoki ne. A asibiti likita ya ce jikin ne ya saba da giyar, kuma wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya, zai iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya cikin kwana biyun farko, ruɗewar hankali kuma ta fi zuwa a kwana na biyu zuwa na uku, tana ma iya kisa. Aka ba shi magani, ya samu sauƙi, Alhamdulillahi.

Abin da ke damuna yanzu shi ne bayan isha'i. Da rana yana kan babur, ba matsala. Dare na yi sai ya rasa inda zai sa kansa. Abokansa duka suna fadar nan. In ya je, an san abin da zai biyo baya. In ya zauna gida, matarsa na kallonsa, Inna na kallonsa, ni ma ba na hana idona. Ya ce mini, "Yaya, ku duk so kuke ku tsare ni, ba wanda ya san yadda abin yake ci na." Ban ji daɗin maganar ba, amma ban iya musa masa ba.

Wani malamin makaranta da muke aiki tare ya ba ni labarin ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda mutum biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935, su ma mashaya ne da suka bari. Tsarin ba wuya: masu fama da abu ɗaya su haɗu, kowa ya faɗi sunansa na fari kawai, ya faɗi halin da yake ciki, ba wa'azi, ba kuɗin shiga, abin da aka faɗa ya tsaya nan. Sabon zuwa yakan samu wani da ya daɗe da bari, wanda zai kira in sha'awar ta taso, ko da tsakar dare ne. Ba sa alkawarin har abada, na yau kawai suke ɗauka. Akwai ma ta iyalan mashaya, Al-Anon, tun 1951. Malamin ya ce masu barin giyar suna yin zama ta intanet da Faransanci, sai dai ƙanena a firamare ya tsaya, kuma kuɗin intanet a waya wani nauyi ne.

To Malama, ta wace ƙofa ake neman irin wannan zama a nan, da Hausa, ba tare da an tona wa mutum asiri ba? Sashen masu taɓin hankali na babban asibiti za mu tambaya? Shi kam da ya ji sunan sashen sai ya ce mun mai da shi mahaukaci.

Sai maganar addini, wadda ita ce za ta tsayar da Inna. An ce matakai goma sha biyu da ƙungiyar ke bi wajen barin giya suna ambaton Allah yadda kowa ya fahimce shi, kuma a ƙasar Kirista abin ya taso. Musulmi zai iya zama a ciki? Ni a ganina ba laifi, tunda ita kanta giyar mataki-mataki aka haramta ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i kafin Ma'ida ta rufe ƙofa. Amma ni ba malama ba ce ta wannan fanni, ki tambayar mana masana.

In kuma sai mun fara da kanmu, na san wani maƙwabci da ya bari da daɗewa, ga kuma zauren gidanmu. Ya halatta in tunkare shi da maganar, ko hakan ma tonon asiri ne, nasa da na ƙanena? Shin mace kamata ta sa baki, ko in nemi limamin unguwa ya shige gaba?

Ina sauraron amsarki a shiri na gaba. Allah ya ƙara basira.

Taki,
wata mai sauraro daga Zango, Damagaram