Tsohuwar ƙaramar tarakta tana noma har gobe, in dai akwai kayan gyaranta

Assalamu alaikum Edita, ina fata kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ɗan sammin fili in tofa albarkacin bakina kan gardamar nan da ba ta ƙarewa tsakanin masu ƙananan gonaki, wato ko tsohuwar ƙaramar tarakta, irin wadda ta girmi mai tuƙa ta, za ta iya fitar da mutum kunya a gona ko kuwa kuɗinka za ka sa ka sayo wa kanka wahala.

Ni dai a wajena tana iyawa, kuma ba labari aka ba ni ba, na shekara da shekaru ina kan ɗaya. Amma fa ba kowace ba. Inda mutane ke kuskure shi ne su tsaya ƙirga shekarunta, alhali abin tambaya shi ne in wani ƙarfe ya karye yau, gobe za ka samu madadinsa ko sai dai ka zauna kana kallonta?

Dubi Ferguson TE20, 'yar toka-tokar nan da aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, fiye da 500,000 aka yi. Ford 8N ta Amurka, 1947 zuwa 1952, ita ma ta haura rabin miliyan. Sai uwa uba Massey Ferguson 135 wadda ta fito a 1964 aka ci gaba da yin ta har 1975, mai injin dizal na Perkins silinda uku, ƙarfin doki wajen 45. Saboda yawansu har yau akwai kamfanonin da sana'arsu kenan ƙera musu fistin da ringi da kuloci da famfon mai sababbi fil, ga kuma kamfanonin TAFE a Indiya da Millat a Pakistan da suka ɗauki shekaru suna ƙera taraktoci a kan tsarin Massey Ferguson ɗin nan. Kuma hannuwan nan uku na baya da ake rataya garma, dabarar Harry Ferguson ce da ta shiga kasuwa sosai tun 1939 a jikin Ford 9N, har yanzu ita ake amfani da ita, shi ya sa garma ko haro na zamani in dai girmansu ya dace za su hau tsohuwa ba gardama.

Abin da ya fi burge ni da su ba kwamfuta a ciki. In ta ƙi tashi, ko iska ce ta shiga layin mai ko filta ta toshe ko batir ya yi sanyi, da sifana biyu da haƙuri kai da kanka ka gama, in ta fi ƙarfinka duk bakaniken da ya san dizal zai buɗe ta. Su kuwa manoman Amurka masu sababbin manya sai da suka yi ta kai ruwa rana kan 'yancin gyara abin da suka saya da kuɗinsu, har kamfanin taraktoci na John Deere ya sa hannu kan wata yarjejeniyar gyara da babbar ƙungiyar manoman ƙasar a Janairun 2023.

To amma ni ma na taɓa shan ta. Kafin wannan da nake kai, na sayi wata 'yar ƙarama kwance daga waje, irin waɗanda aka ƙera don kaftun gonar shinkafa, kyakkyawa, fenti na sheƙi, ba ta shan mai sosai. Wata biyu wani haƙorin giya a ƙafar gaba ya gutsure. Wallahi babu inda ba a tambaya ba, lambar jikinta ma babu mai ita a littafinsa, haka ta zauna kan bulo kaji na kwana a ƙarƙashinta har lokacin shuka ya wuce, ƙarshe hayar ta wani na yi. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, rashin dangi ne.

Wanda zai saya, ya je da sassafe kafin mai ita ya ɗumama ta, ya ɗora hannu a kan injin ya ji da sanyi tukuna a tayar. Ɗan hayaƙi a farko ba komai, amma in shuɗi ne kuma ya ƙi ɗaukewa to tana cin baƙin mai. Ka zaro sandar awon mai, in ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga, ka kama gabanka. Sannan ka sa a rataya garma a ɗaga ta sama a kashe injin, ku tsaya kuna hira kana satar kallonta, in kafin ku gama gaisawa ta sauka ƙasa to haidirolik ɗin, wato abin da ke ɗaga garmar, ya gaji. Tayoyin baya ma a duba, canza su ba ƙaramin aiki ba ne.

Kuma kar a ɗora mata abin da ba nata ba. Huɗa, haro, jan tirela, juya injin sussuka ko famfon ruwa, duk za ta yi. Amma yawancinsu sitiyarin da ƙarfin damtse ake murɗa shi kuma tayoyin baya ne kawai ke ja, in aikinka na ɗibar ƙasa da bokitin gaba ne kullum, nemi wata. Ita 8N ma sandar nan mai juyawa a baya, wadda ke juya injin da aka jona mata, haɗe take da giya, in kana jan injin yankan ciyawa ka taka kuloci, nauyin wuƙar zai ci gaba da tura ka gaba sai an sa mata wani ɗan ƙarfe mai raba su.

Inda ba na yi wa tsohuwa kara shi ne wajen kifewa. Mafi yawansu ba su da ƙarfen kariyar nan da ke tokarewa sama da kan direba. Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, Amurka ta bi a 1976 ga masu ɗaukar ma'aikata a gona, su kuwa waɗanda aka ƙera kafin nan haka suke tsirara. In ka ɗaura sarƙa sama da gatarin baya kana son tumɓuke kututture, gaban zai tashi ta juyo kanka kafin ka kai ƙafa kan kuloci, na ga wanda Allah ya tsare da kyar, sitiyarin ya lotse a daidai inda ƙirjinsa yake. Tun ranar na sa aka ɗaura wa tawa ƙarfen da bel na ɗaure direba, sarƙa kuma sai a ƙugiyar ƙasa, yara kuwa na hana su hawa gefen taya ko da kuka za su yi.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani ƙaramin manomi mai karanta ku kullum